Ƙurar hunturu ce ke kashe mana laftof a bazara

Malam Edita, assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaisuwa, ya aiki, ya kuma haƙuri da zafi. Don Allah ka ara mini ɗan fili a jaridarka in yi magana da matasan garinmu masu buga gem a laftof, da iyayensu, da kuma masu gyara. Na san wani da ya ga kalmar gem zai kauda kai ya ce ga matsaloli cike da ƙasa amma mutum bai ga abin rubutawa ba sai wasan yara. To ni dai abin da na sani, laftof ɗin da yaro ke buga ƙwallo da ita ranar Asabar ita ce dai ke riƙe da furojet ɗinshi ranar Litinin, kuma a gidaje da yawa guda ɗaya ce tal, sai da anka yi adashi anka haɗa gumi kafin a saye ta. In ta mutu karatu ne ya tsaya, ba wasa kaɗai ba.

Abin da ya sa na damu shi ne ya faru a gidanmu. A Afrilun 2024, 'yan kwanaki bayan ƙaramar salla, ƙanena yana ajin ƙarshe a jami'a, laftof ɗinshi ta hannu ce, ni da Inna munka haɗa kuɗi munka saya mashi. Ɗakinshi na kwano ne ba silin, irin ɗakin da in ka shiga da azahar kamar ka buɗe murfin tukunya. Shi da abokanai biyu suna zaune suna buga PES, gem ɗin ƙwallon ƙafa, laftof ɗin tana bisa katifa, caja a jone, an rufe taga saboda hasken rana na damun sikirin. Suna cikin wasa kawai ta ɗauke ɗif. Ya danna ya danna shiru. Ya bari ta huce ta tashi, minti goma ta sake ɗaukewa, daga nan kuma ko Windows ba ta gama buɗewa sai ta mutu. Ya same ni a shago idonshi ja, ya ce Yaya babi uku na furojet ɗina na ciki kuma ban da kwafi ko'ina. Da na tsare shi da tambaya sai ga shi abin ya fi wata biyu yana ba shi alama, fanka na ƙugi kamar injin markaɗe, gefen hagu na kibod ba ya taɓuwa, gem ɗin da a watan Disamba ke tafiya sumul yanzu ɗan wasa na gudu da ƙwallo sai ya kame ya saki ya kame ya saki. Shi duk a ganinshi tsufa ne, tunda ta hannu ce.

Mai gyaran farko da munka kai ma ko ƙusa ɗaya bai kwance ba, ya kunna ta mutu, ya ce bod, wato babban allon da kayan ciki ke manne a kai, ta ƙone sai dai a aiko da wata daga Kano, kuɗin da ya yanka ya kusa rabin abin da munka saye ta. Hankalina bai kwanta ba, sai wani abokina ya kai mu wajen wani dattijo da ya fara da gyaran rediyo da talabijin tun muna yara, yanzu ya koma kwamfuta. Ya kife ta bisa tebur, ya kwance murfin ƙasa yana jera ƙusoshin a cikin murfin gwangwanin madara, ya cire waya ta batir, sannan ya kwance fankar ya ɗaga ta. Ya kalli ƙanena ya ce, "Ɗana matso ka gani da idonka. Mi kaka gani nan?" Tsakanin fanka da ƙarfen da iska ke fita ta cikinshi akwai wani abu a kwance, ja-ja toka-toka, ya sa ɗan hantsaki ya kama bakinshi ya jawo a hankali, wallahi Malam Edita ya fito a haɗe bai tsinke ba, dogo mai kauri kamar lagwanin fitila. Ƙura ce da zaren bargo da gashi sunka dunƙule. Ya ɗora ma ƙanena a tafin hannu ya ce, "Wagga ba ƙonewa ta yi ba, hanci na anka toshe mata. Ƙurar ɗari ta wagga, ita ta jira bazara."

Wannan maganar tashi ita ce ta zauna mini a rai, kuma ita ce ainihin abin da nake so mutane su ji. Mu a Sakkwato yanayi biyu ne ke haɗa baki su kashe na'ura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo na sauka, ka share tebur da safe kafin la'asar ka iya rubuta sunanka a kai da yatsa, ita kuma fankar laftof aikinta zuƙar iska ne, duk abin da ke cikin iskar ciki za shi. Amma a lokacin ba ka jin komai don gari da sanyi, ko rabin hanyar iskar ta toshe sanyin na rufa asiri. Sai Maris ta shigo, Afrilu ta biyo, rana ta haura digiri 40, wani sa'i har 44, sannan ne bashin ke fitowa. Shi ya sa in ka tambayi masu gyara za su ce maka a bazara ne anka fi kawo masu laftof mai kashe kanta, mutane kuma su ɗora laifin duka a kan zafi, alhali rabin laifin tun hunturu anka shuka shi.

Bari in ɗan faɗi yadda abin yake a ciki don wanda bai taɓa gani ba, saboda in ka gane shi sauran duk mai sauƙi ne. Abu biyu ne ke fidda zafi sosai, furosesa da girafiks, wato wanda ke zana hoton gem ɗin. In kana taifin a Word kusan gyangyaɗi suke, da ka buɗe gem sai su miƙe gaba ɗaya su yi ta aiki ba hutu. A bisa kansu an kwantar da wani siririn bututu na jan ƙarfe, a rufe yake ruf da ɗan ruwa kaɗan a ciki, zafi na taɓa ruwan sai ya zama tururi ya gudu ɗaya bakin bututun, can akwai wasu siraran ƙarafa a jere kamar haƙoran mataji, irin dai lagireton mota amma ƙarami, fanka ta hura iska ta tsakaninsu, tururin ya huce ya koma ruwa ya dawo ya sake ɗaukowa. To wancan lagwanin ƙura a bakin haƙoran nan yake kwanciya. Fanka na juyawa da ƙarfinta, kana jin ƙara kana cewa tana aiki, amma iskar ba ta da hanyar fita. Furosesar Intel yawanci iyakarta digiri 100 ce, girafiks na Nvidia na laftof kuma wajen 87 yake fara ja da baya. In sunka kusanci nan sai su rage ma kansu gudu don kar su ƙone, wannan ne ciccijewar da kake gani a gem, ba netwok ba ne kuma ba tsufa ba ne. In rage gudun bai wadatar ba sai na'urar ta kashe kanta. Kashe kan nan kariya ce, amma in ana maimaita shi kullum to a hankali batir da had-dis mai ajiye takardu da sauran kayan ciki ke gajiya.

Akwai wani abu kuma da masu ba da shawara a YouTube ba su cika faɗi ba don su ba a nan suke zaune ba. Laftof ba ta ƙera sanyi, iskar ɗakinka take ara ta huce da ita. Kamfanin Apple a rubuce ya ce a yi aiki da laftof ɗinshi tsakanin digiri 10 zuwa 35, su Dell da HP ma mafi yawan takardunsu 35 ɗin ce iyaka. Yanzu ka auna ɗakin kwano a Mabera ko Runjin Sambo ƙarfe biyu na rana a Afrilu ba wuta ba fanka. Tun kafin ka danna madannin kunnawa ka riga ka wuce abin da anka ƙera ta dominshi. Wanda ke Ingila ɗakinshi na digiri 22 in furosesarshi ta tsaya a 78, kai da irin laftof ɗin da irin gem ɗin a ɗaki mai 40 lissafinka kusan 96 ne, don bambancin ɗakin ne ke hawa kai tsaye. Saboda haka abin da shi zai yi sakaci da shi ya kwana lafiya, mu ba mu da wannan sararin.

Shawarata ta farko kuma wadda ta fi duk sauran, a buɗe laftof a share ta a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, hazo na ɗagawa kafin zafi ya kankama. Kamar dai yadda mai gida ke duba rufin ɗaki da indararo kafin damina, ba ya jira sai ruwa ya zubo bisa gado. Kuma ba hura iska daga waje nake nufi ba, wannan tura ƙurar ciki kawai yake yi. A kashe ta gaba ɗaya, a cire caja, a kwance murfin ƙasa, a cire wayar batir, a ɗaga fankar don lagwanin a bayanta yake ɓuya, a sa busasshen buroshi mai laushi a kaɗe. In za a sa bulowa a danne fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa da gudun da ya fi ƙarfinta. Kuma don Allah a daina kai laftof wajen mai faci ya hura mata iskar taya, iskar kwamfuresa na fitowa da ɗigon ruwa da mai, ga ƙarfi ya yi yawa, na ga fankar da ta rasa fiffike biyu ta haka. Wanda zai kwance da kanshi ya ɗauki hoto da waya kafin ya taɓa komai, kuma ya lura ƙusoshin ba tsawonsu ɗaya ba, in ka sa dogo a ramin gajere yana iya huda abin da ke sama. Wanda bai da tabbas da hannunshi ya kai ma mai gyara, amma ya zauna a yi a gabanshi, ya ce a nuna mashi abin da anka ciro.

Sai maganar man da ake shafawa tsakanin furosesa da jan ƙarfen, masu gyara na ce mashi fes. Fuskar ƙarfe biyu duk santsinsu in sunka haɗu akwai 'yan ramukan da ido ba ya gani, iska ke zama ciki, iska kuma ba ta wuce da zafi, shi fes ɗin cike ramukan nan yake yi. Da shekaru yana bushewa. Na ƙanena da dattijon ya ɗaga ƙarfen ya zama kamar busasshen yumɓu yana ɓarewa da farce, wataƙila tun daga kamfani ba a taɓa canza shi ba, ga shi laftof ta hannu Allah kaɗai ya san shekarun da ta yi a wani ofis a Turai kafin ta iso mana. Ya goge da sifirit da auduga tas, ya ɗiga sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa, ya mayar ya ɗaure ƙusoshin bi da bi. A nan ina da ƙorafi da wasu masu gyara, ba duka ba, akwai masu tsoron Allah da yawa. Wani zai lafta fes kamar yana shafa bota a burodi, wani kuma, kuma wannan da kunnena na ji yaro na alfahari da shi, makilin yake sawa wai ai duk fari ne. Makilin ruwa ne a cikinshi, kwana kaɗan ya bushe ya bar ka a inda ka fi da muni. Fes na kirki irin su Arctic MX-4 sirinji ɗaya na yin laftof da yawa, sai dai a yi hattara akwai jabu. Sannan waɗancan 'yan robobi masu laushi da ke manne a kan wasu ƙananan kaya a gefen girafiks ba datti ba ne, su ma zafi suke ɗauka, kar a yar.

Bayan an gama dattijon bai ce mu tafi ba, ya sa manhajar HWMonitor mai nuna zafin na'ura ya ce ƙanena ya buɗe gem ɗin ya buga minti ashirin muna kallon lamba. Ta tsaya tamanin da 'yan kai ba ta ƙara ɗaukewa ba. Tun ranar nake gaya ma kowa, a daina auna zafin laftof da tafin hannu. HWMonitor da HWiNFO da Core Temp duk kyauta ne kuma ba su cin data sosai. Ka buɗe, ka yi wasanka, ka dawo ka duba layin da ke nuna mafi girman abin da ta kai. In cikin gem tana saba'in zuwa tamanin da biyar ba komai. In kullum tana casa'in da biyar zuwa sama to tana roƙonka ne. In kuma ba ka buɗe komai ba tana zaune a saba'in, akwai magana, ko ƙura ko wani abu na aiki a ɓoye.

Wannan na ɓoyen ma ya kamata in tsaya a kai, don mu faɗi gaskiya kusan dukanmu gem ɗin da ake tura mana a filash muke bugawa, wanda anka fasa, ba wanda ya saya da dala. A 2021 kamfanin Avast ya bankaɗo wata muguwar manhaja da ya sa ma suna Crackonosh, an cusa ta cikin fasassun gem irin su GTA V da PES 2018 da Far Cry 5, in ka sa gem ɗin sai ta kashe maka antibairos ta zauna tana haƙo kuɗin kirifto na Monero da furosesarka, wani can ƙetare na kwasar kuɗi kai kana biya da zafi da batir da man janareta. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ta buɗe, ka duba me ke cin furosesa alhali ba ka aikin komai. Wasunsu ma wayo gare su, suna lafawa in ka buɗe wurin, shi ya sa in fanka na ihu laftof na zaune kuma an riga an share ƙura, ni shawarata a kwashe takardu a sake Windows gaba ɗaya.

Katifa kuma, haba jama'a. Katifa, filo, bargo, darduma, cinya da babbar riga, duk abu ɗaya ne. Kifa laftof ɗinka ka duba ƙasanta, waɗannan tsagogin nan ne hancinta, 'yan robobin da ke kusurwa kuma an sa su ne don su ɗaga ta iska ta shiga. In ka ɗora ta bisa soso sai ta nutse ya rufe hancin, kuma ta zuƙi zaren ta ƙara ma lagwani kauri. A sa ta bisa abu mai tauri, tebur ko benci ko ma tiren abinci, sannan a ɗaga bayanta kamar yatsa biyu. Murfin gorar ruwa guda biyu sun isa. Ƙanena ragar gashin nama ya samu sabuwa ya ɗora bisa bulo biyu na katako, iska na shiga ta ko'ina, ya kuma saita fanka mai caji tana hurowa ta gefen da ba nan zafin ke fita ba, kar ta mayar mata da abin da ta fitar. Shi farantin nan mai fanka da ake sayarwa, kulin fad, yana taimakawa da 'yan digiri in laftof ɗinka ta ƙasa take shaƙa, amma na ga mutane da yawa sun saye shi alhali ciki a toshe yake, kuɗin da sunka kashe ya isa a share ta har a canza fes.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu sa ƙanƙara. Yaro zai sayo fiya wata mai ƙanƙara ya jera a ƙarƙashin laftof, wani ya jiƙa tawul, wani har cikin firji yake sa ta ta huce. Kowa ya san yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin gumi in ka aje ta a waje. To irin wannan gumin ne zai taru a kan bod, ruwa da wuta kuma ba sa shiri, zafi na ba ka alama wata da watanni amma ruwa sau ɗaya yake yi. In sanyi kake so ka sanyaya ɗakin, ka buɗe taga biyu iska ta ratsa, ka yayyafa ruwa a tsakar gida ko ka jiƙa labule, iskar bazara busasshiya ce tana shan ruwan ta yi sanyi kamar yadda randa ke yi, amma ita na'urar a nesa da ruwan.

A ɓangaren saiti abu biyu ne na ga amfaninsu da idona. Na ɗaya, mafi yawan laftof ɗinmu sikirin ɗinsu hoto 60 yake iya nunawa a daƙiƙa. In ka saki gem ba linzami girafiks zai yi ta zana 100 ko fiye, rarar nan ba ka ganinta, zafi kawai take zama. Ka shiga saitin gem ɗin ka kunna V-Sync ko ka ƙayyade shi a 60, in na'urar mai rauni ce ma 30 a tsaye ya fi 50 mai rawa daɗin wasa, ka rage inuwa da ciyawar fili da 'yan kallo, ka sauko daga 1080 zuwa 720, bayan minti biyar ka manta. Na biyu, a Control Panel ka shiga Power Options, ka bi Change plan settings zuwa Change advanced power settings, ka nemi Processor power management, wurin Maximum processor state ka mayar da 100 zuwa 99. A laftof da yawa wannan ɗaya ɗin da ka cire shi ke hana furosesa yin tsallen gudun nan da ake kira Turbo Boost, wanda shi ne ke kawo mafi yawan zafin, a gem ɗin ƙwallo da wuya ka ji bambanci amma lambar zafi za ka ga ta sauko. Akwai masu rage ƙarfin wutar furosesa da manhajar ThrottleStop, yana aiki, sai dai tun bayan matsalar tsaro da anka gano a 2019 kamfanoni da yawa sun kulle wannan ƙofar, kuma ba abin da zan tura sabon shiga ya taɓa ba ne.

Batir shi ma a duba shi. Na litiyam ne, zafi ne babban makiyinshi, ballantana in yana cike dam kuma ga zafi. In ka ga wurin shafa yatsa ya taso, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, ko laftof ta daina zama daidai bisa tebur tana rawa, batir ya kumbura, a daina caji a cire shi ranar, kar a danna kar a huda, kuma kar a jefa a bolar da ake cinna ma wuta. Lenovo da Asus da Dell suna da saitin da ke tsayar da caji kafin ya cika, wanda ke wasa kullum a jone ya kunna shi. Sannan wanda ke rufe murfi kawai ya jefa a jaka ya hau kabu-kabu cikin rana, laftof ɗin ba ta mutu ba barci take, wani sa'i ta farka a cikin jakar ba iska, ka iso ka ciro ta kamar dutsen guga. A kashe ta gaba ɗaya kafin a sa a jaka.

Su kuma masu sayarwa ina roƙonsu su ji tsoron Allah da kalmar nan ta "ai Core i7 ce, ba abin da ba ta ɗauka". Ka duba harafin ƙarshe na lambar furosesa. Mai U, irin i5-8250U, an yi ta ne don ofis, wat 15 ce, siririyar laftof da fanka ɗaya. Mai H, irin i7-9750H, wat 45 ce, ita ce ake sawa a na gem da fanka biyu da bututu masu yawa. Ko cajar ma tana faɗa maka gaskiya, ta ofis 45 ko 65 za ka gani a rubuce, ta gem yawanci 120 zuwa sama. Ba laifi ba ne ka buga PES a ta ofis, ƙanena ma irinta gare shi, amma ka san jaki ka ɗora ma kaya ba raƙumi ba, ka auna lodin.

Lokacin wasa ma abin dubawa ne. Azumin 2023 da na 2024 duk cikin Maris da Afrilu sunka faɗo, kuma na lura samari da yawa tsakanin azahar da la'asar suke zama bisa gem don rana ta yi saurin faɗuwa, wato daidai sa'ar da ɗaki ya fi kowane lokaci zafi. Bayan isha'i a tsakar gida ko da hantsi kafin kwano ya ɗau zafi ya fi ma na'urar sauƙi nesa ba kusa ba, kuma duk awa ɗaya a ba ta minti goma a rufe gem ɗin fanka ta kwashe abin da ya taru.

Malam Edita roƙona gare ka, tunda kuna da shafin kimiyya, duk shekara in Fabrairu ta zo ƙarshe ku ɗan tuna ma masu karatu da wagga magana ko da layi biyar ne, yadda kuke tunatarwa kan sanƙarau da shan ruwa in zafi ya gabato. Ƙungiyoyin ɗalibai masu karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su ma za su iya ware rana ɗaya a harabar makaranta, a zo da sukurdireba da buroshi da bulowa da sirinjin fes biyu, a share ma 'yan uwa a kuɗi kaɗan, su koyi aiki wasu su tsira da na'urarsu. Ƙanena dai a daren da munka dawo daga wajen dattijon na tsaya a kanshi sai da ya tura furojet ɗin a Google Drive da filash kafin ya kwanta. Ya kare furojet ɗinshi da wannan laftof ɗin, har yau ita ke hannunshi, kuma Fabrairun da ta biyo da kanshi ya kwance ta a tsakar gida ya kira ni in zo in ga sabon lagwanin da ya ciro, bai kai na farko kauri ba amma hunturu ɗaya ne kacal ya tara shi.

Na gode da filin da ka ba ni, Allah ya ƙara ma jarida albarka, ya kawo mana damina lafiya.

Naka mai karatu,
daga Mabera, Sakkwato